Farin da ke daskarewa a buta: tsakuwar ƙoda muke sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai ruwan famfonmu gwaji, takarda ta nuna alkaliniti 180, ga wani farin abu da ke daskarewa a gindin butar dafa ruwa. Wani mai tallar na'urar tace ruwa ya tsoma ƙarafa biyu a kofin ruwanmu, ya jona wuta, nan take ruwan ya koma kamar na kwata. Ya ce tsakuwar ƙoda muke sha. Ina da ƙananan yara, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki. Alkaliniti ma'auni ne na ƙarfin ruwa wajen kashe tsami, kuma miligiram 180 a lita ba abin fargaba ba ne. Kusan duka bikabonet ne, wani ma'adini da ruwan ya kwaso daga duwatsun da ya ratsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yanka masa wata iyaka saboda lafiya ba. In aka tafasa ruwan, iskar kabon ta fice, sai kalsiyam ya kwanta a matsayin alli. Ɗan ruwan lemun tsami ya isa ya wanke butar.

Amma wannan wasan ƙarafan, wallahi na gaji da shi. Kusan kowane mako sai an zo min da labarinsa. Daudar da kika gani ba daga ruwanki ta fito ba, ƙarfen da ya tsoma ne ya narke ya yi tsatsa, domin ruwa mai ma'adinai yana ɗaukar lantarki. Ruwan na'urarsa kuwa, in ya tsoma masa ƙarafan, an riga an kwashe masa ma'adinan, wuta ba ta ratsa shi sosai, sai ya zauna garau. Da kin barbaɗa masa ɗan gishiri, da asirinsa ya tonu a gabanki. Ƙarafan nan ba sa ganin ƙwayar kwalara ko taifot. Abin da ke ci min rai shi ne masu barin ruwan da aka sa wa kulorin, su koma shan ruwan da ba wanda ya gwada, don kawai ba ya barin fari a buta. Yara kuma a rage musu sha saboda tsoro, alhali ƙarancin shan ruwa na cikin manyan abubuwan da ke haddasa tsakuwar.

Mu da ke aiki a matatar ruwa, ƙarancin bikabonet ne ke hana mu barci. Shi ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5. Alam ɗin da muke zubawa don kwantar da dauɗar ruwa yana cinye shi, kowane miligiram ɗaya na alam ya lashe kusan rabin miligiram, shi ya sa muke ƙara farar ƙasa. In bikabonet ya yi ƙasa, ruwa ya shiga cin bututu. A garin Flint na Amurka, a 2014, an sauya tushen ruwa ba a sa maganin kare bututu ba, dalmar bututun ta narke a ruwa, ta shiga jinin yara.

Ki koma wurin gwajin, ki ce su duba miki ragowar kulorin, da ƙwayoyin cuta, da dalma in bututun gidan tsoho ne.