Amsoshin Tambayoyinku: Kalmomin Turanci Masu Goshi Iri Ɗaya

Tambaya (wani ɗalibi daga Zariya): Malam, kalmomin Turanci da suka fara da haruffa iri ɗaya, ma'anarsu ɗaya ce?

Amsa: Wasu dangin juna ne, wasu kuwa kama ce kawai. Abin dubawa shi ne ko haruffan ɗafa-goshi ne, wato guntun da ake liƙa wa kalma a farkonta ya ƙara mata wata ma'ana. Ɗauki tele, wadda a Girkanci take nufin nesa: telephone jin murya daga nesa, television gani daga nesa, telegraph rubutu daga nesa. Dukansu ukun Bahaushe ya are su ya gyara su daidai bakinsa, suka zama tarho, talabijin da tangarahu. Mutanenmu na Nijar kuwa tele kawai suke ce wa talabijin, saboda ta Faransanci ta zo musu. Mu ma muna da irin wannan a ɗafa-goshin "ma-": buɗe ta ba mu mabuɗi, karanta ta ba mu makaranta. To amma mage fa? Ba wanda zai ce daga wani aikatau ta fito. Haka pretty ba ta haɗa komai da prepaid ba.

Tambaya (wani direba daga Gusau): Ana rubuta Highly Inflammable a jikin tankar mai. Abokina ya ce tunda in na nufin korewa, to mai ɗin ba ya kama wuta. Haka ne?

Amsa: Subhanallahi! Gaya wa abokinka ya daina faɗin wannan. Ga inda ya ruɗe: Turanci ya gaji in guda biyu daga Latin. Ɗaya ta korewa ce, kamar a incomplete, abin da bai cika ba. Ɗaya kuwa shiga ciki take nufi, kuma ita ce a nan: abin da wuta ke shiga nan take. Da flammable da inflammable duk ma'anarsu ɗaya. Wannan ne ke ɓata mini rai da masu koyon ƙa'ida guda su bi gari suna yi wa kowa fatawa da ita. Invaluable ma haka suke juya ta, su ce abu marar daraja, alhali abin da ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi ne.

Kuma ina da magana da masu tankokin. Motar da ke ratsa ƙauyukan Hausawa dare da rana, don me gargaɗinta zai zo da kalmar da ke ruɗa har masu digiri? Ba mu manta Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda tanka ta faɗi ta kama wuta a watan Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Talauci ne ya kai da yawansu ɗibar mai, ba rashin Turanci ba. Duk da haka, me zai hana a rubuta "Hattara, Wuta!" da boko da ajami, baro-baro?

Tambaya: Mene ne ma'anar "kama da wane ba ta wane"?

Amsa: Kamanni ba ya mai da abu ya zama ɗan'uwansa. Wannan ai ko yaro ya sani.

Tambaya (wata ungozoma daga Maraɗi): Antenatal ne ko antinatal?

Amsa: Antenatal, Hajiya. Ante na nufin kafin, anti kuwa adawa da abu, kamar a antibiotic. In da Hausa kike magana, ki ce awon ciki, kowace mace za ta gane.