Motar tsere ta fito kamar an yi mata fakin

Tambaya: Malam, ina ɗaukar tseren motoci da kyamarar Canon, na sa saurin ƙiftawa (shutter) a 1/4000 na daƙiƙa. Hoto ya fito tar, amma babu armashi. Ina kuskuren? Daga Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kashe gudun ne. A 1/4000 taya ma daskarewa take yi har a karanta rubutun jikinta, mai kallo sai ya zaci direban ya ajiye motar ya tafi cin abinci. Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya: kowa tsoron dishi-dishi yake, alhali shi ne ke nuna gudu.

Juya kyamara zuwa Tv, wato tsarin da kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, masu Nikon da Sony kuma S. Fara da 1/250. Sa kyamara ta riƙa bin abin da ke motsi, wato AI Servo a Canon, AF-C a sauran. Tsaya ƙafafu a ware, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka fuskanci inda za ka danna, sannan ka murɗa ƙugu ka tari motar tun daga nesa. Bi ta, danna tana gabanka, ka ci gaba da juyawa bayan ta wuce. Yawancinku kuna tsayawa cak da kun danna, shi ya sa komai ke jagwalgwalewa. In hannu ya saba, sauko 1/125, daga baya 1/60. Yawancin hotunan za su lalace, kada ka damu, katin ajiya ba fim ba ne.

Da rana tsaka 1/60 zai cika haske ko da ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara, 100 ne. Kada ka matse ƙofar haske zuwa f/22, nan ne duk ƙurar da ke cikin kyamara ke bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. Sayi matatar ND mai rage haske mataki 3. In gilashinka (lens) na da maɓallin hana girgiza mai lamba 1 da 2, sa shi a 2. Kuma don Allah a daina canja gilashi a bakin hanya mota na tayar da ƙura.

Tambaya: Yallaɓai, hotunana na dare duk tsaki-tsaki ne, don haka ba na wuce ISO 400. Daga Zinder.

Amsa: Ƙanwata, tsakin nan na ƙarancin haske ne. Koma M, inda ake saita komai da hannu, buɗe ƙofa zuwa f/1.8 da gilashin 50mm mai araha, ƙiftawa 1/125 in mutane ne, ki bar ISO ya hau 3200 ko 6400. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ana rage tsaki a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai shara.

Tambaya: Ƙarƙashin fitilun LED ratsi-ratsi ke fitowa a hoto. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Fitilar ce ke ƙyaftawa da bugun lantarki, namu kuma 50Hz ne. Gwada 1/100 ko 1/50, ka kashe ɗauka marar sauti.

Tambaya: Zan iya kunna filasha a tseren dare?

Amsa: A'a. Ta jikin kyamara ba ta wuce 'yan mitoci, kuma idon direba za ka kashe.