Aikin zai fitar da gidanmu kunya, amma na kamfanin caca ne

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gajiya, ina hidimar jama'a.

Ni ɗan Tawa ne, shekarata 27, ina zaune Yamai, ni da wani abokina muna haya ɗaki guda a Bukoki. Na karanci ilimin kwamfuta, abin da na iya shi ne rubuta manhaja. Da na gama karatu na samu aiki a wani furoje na agaji, ina riƙe musu lissafin kaya da sunayen masu karɓar taimako. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuɗin furojen suka tsaya, aka sallame mu. Tun lokacin sai ƴan ƙananan ayyuka: yau in gyara ma mai shago kwamfuta, gobe in yi ma wata makaranta shafin intanet a biya ni rabi, sauran sai Allah ya hore.

Mahaifinmu ya rasu bayan ya ƙare ƙarfinsa a ci-rani a Abijan. Ni ne babba. Inna na Tawa da ƙannena huɗu, hawan jini na damunta, maganinta kowane wata ni ake kallo. Akwai kuma yarinyar da aka kai gaisuwa gidansu shekara biyu ke nan, iyayenta sun fara aiko min da magana.

Watan jiya wani kamfani na ƙetare ya neme ni ta intanet. Zan yi aiki daga ɗakina, albashi yuro 900, wato wajen jaka 590 a wata. Gwaggo, ban taɓa riƙe irin wannan kuɗi nawa na kaina ba. Amma kamfanin na cacar ƙwallo ne, irin wadda samari ke bugawa a waya, kuma kasuwarsu ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci ce. Sun ba ni aikin gwaji: in rubuta tsarin da zai zaƙulo waɗanda suka yi kwana bakwai ba su buga ba bayan an cinye su, ya tura musu saƙo cewa an ba su kyautar kuɗin bugawa, kuma ya zaɓi lokacin da kowa ya saba shiga. Na yi shi cikin dare uku. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin aikin, rabon da kaina ya yi aiki haka tun ina makaranta. Sun yaba, sun turo min yuro 100 na gwajin, suna jira in sa hannu.

A fadarmu an kasu biyu. Abokin zamana ya ce ni magini ne kawai, magini ba ya tambayar me za a sayar a shagon da ya gina. Ya ce kamfanonin waya ma ta hannunsu kuɗin cacar ke bi, ma'aikatan banki kuma cikin kuɗin ruwa suke iyo, ba wanda ya ce su bar aiki. Ya ce in ban karɓa ba gobe wani zai karɓa, caca ba za ta ragu da ko dala ba, ni kaɗai zan kwana da yunwa. Wani kuma ya ce haramun ce, shi ke nan, ya juya ya ci gaba da zuba shayinsa. Shi mahaifinsa na da shaguna a Babbar Kasuwa.

Abin da ya fi hana ni barci ɗan ƙanen mahaifina ne da ke kabu-kabu a Tawa. Bara ya sayar da babur ɗinsa ya ce an sace, daga baya aka gane caca ce ta cinye shi.

Na ce ma Inna na kusa samun aikin kwamfuta da Turawa, ta yi ta sa min albarka. Tunanina in yi shekara ɗaya tak, in yi aure, in gyara mata ɗaki, in tara jari, in fita. Shin laifi ne ga wanda bai taɓa buga caca ba, bai karɓi kuɗin kowa da hannunsa ba?

Ɗanki daga Bukoki

*

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba Inna lafiya.

Ba zan yi maka irin na mai shayin nan ba. Mai ƙoshi ba ya wahalar cewa haramun. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jaka 42 ne tun farkon 2024, kai kuma an ɗora maka ninkinsa 14 a tafin hannu, ga uwa ba lafiya, ga surukai na ƙirga watanni. Duk wanda ya ce wannan ba jarabawa ba ce bai taɓa tsayawa gaban mai sayar da magani yana lalube aljihu ba. Duk da haka amsata ita ce kada ka sa hannu, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka.

Maganar magini tana da daɗin ji, amma ba ta hau kanka ba. Bangon da magini ya tayar, mai sayar da shinkafa zai iya shiga, tela zai iya shiga. Layin waya ma haka: kuɗin caca na bi ta cikinsa, kuɗin da ƴan ci-rani ke aiko wa iyayensu Adar ma ta nan suke bi. Wannan irin aiki ne da ake iya zama a yi muhawara a kansa, kamar batun ma'aikacin banki, wanda malamai da kansu suka daɗe suna ja-in-ja. To kai sake karanta abin da aka ce ka rubuta. Mutum ya buga, an cinye shi, ya ji zafi, ya daure kwana bakwai bai koma ba. Wataƙila ya yi rantsuwa gaban matarsa. A rana ta takwas tsarinka zai nemo shi, ya san ƙarfe nawa zuciyarsa ke rauni, ya miƙa masa ɗan abin lasa. Wannan tsari ba shi da wani amfani na biyu. Ƙugiya ce da tsutsa a bakinta, kuma an zaɓi kifin da ya riga ya kuɓuce.

Tunda kai mai lissafi ne, bari mu yi lissafi. Wasa ne da ƙarfin ɓangarori biyu ya zo ɗaya, kamfani ya sa 1.90 a kowane gefe, wato wanda ya ci a ninka masa kuɗinsa sau 1.90. Mutum biyu suka zuba jaka ɗai-ɗai, kowa ya kama gefensa. Wanda ya ci ya karɓi sefa 1,900, dala ashirin ta zauna hannun kamfani, wato kashi 5 cikin 100, ko wa ya ci. Amma ka san samarinmu ba wasa ɗaya suke bugawa ba. Wasa goma suke jerawa a takarda guda, don dala ɗari ta haifi abin sayen babur. Kashi 5 ɗin nan a kan kowane wasa yake hawa, har sau goma. Ka buga da kanka ka gani: a kowace jaka 100 da aka zuba a irin wannan takarda, wajen jaka 60 ne kawai ke komawa hannun masu bugawa. Damar cin dukan goman kuwa ɗaya ce cikin 1,024. Kamfanin ba ya buƙatar yin maguɗi ko kaɗan, abin da yake buƙata shi ne mutum ya dawo, ya sake dawowa. Kujerar da za su ba ka, ita ce ta dawo da mutane. Jaka 590 ɗin nan babu wata gona da ake nomo su. Baburan irin su ɗan'uwanka ne, da kuɗin cefane, da kuɗin makarantar yara, aka tattara dala-dala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka. Ingila, inda aka daɗe da saba wa wannan sana'a, a Afrilun 2019 ta rage abin da ake iya zubawa a tashi ɗaya a injunan caca na shaguna daga fam 100 zuwa fam 2, shekara guda bayan haka ta hana buga caca da katin bashi. Kenya ma a 2019 ta dakatar da lasisin kamfanoni da dama. A ganina ba banza ba idonsu ke kan ƙasashe irin namu, inda matasa suka yi yawa, aiki ya yi ƙaranci, kuma kowa na da asusun kuɗi a wayarsa.

Ni ba malama ba ce, ba na ba da fatawa. Amma abin da muka karanta tun a makarantar allo bai ɓuya ba. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri guda. Aya ta 2 a surar ta hana taimakon juna a kan zunubi. Hadisin riba da Muslim ya ruwaito daga Jabir bai tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubucin da shaidu biyu. Marubucin nan bai ci ko anini ba, alƙalami kawai ya riƙe. Malamai sun san larura, amma larura ana auna ta ne da gwargwadonta, kuma ban san malamin da zai kira tara jari larura ba. In za ka je tambaya, ka je, sai dai ka faɗi aikin yadda ka faɗa min, da kwana bakwai ɗin da saƙon kyautar. Kada ka ce "aikin kwamfuta".

Nan ne ma na fi tsayawa a wasiƙarka. Ka ce ma Inna aikin kwamfuta ne da Turawa. Ba ƙarya ka yi ba, amma ka yanke maganar daidai inda ka san albarkar za ta tsaya mata a maƙoshi. Tun kafin ka sa hannu ka fara ɓoye wa mahaifiyarka inda tuwonta zai fito. Haka za ka yi wa amaryar, haka za ka yi wa surukanka, haka za ka yi wa ɗan baffanka ran da ka saya masa sabon babur.

Shekara ɗaya tak kuwa, na sha ji. Sabo turken wawa. Gidan da ya saba da jaka 590 ba ya komawa jaka 80 cikin ruwan sanyi: ka bar ɗakin Bukoki, ƙanne sun koma makarantar kuɗi, dangi sun gane lambarka, matarka na da ciki. Ranar da za ka fita kullum wata mai zuwa ce. Kuma kada ka ɗauka aikin gwaji shi ne mafi muni da za a nema a wurinka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gobe za a ce ka jinkirta fitar da kuɗin wanda ya ci ko zai sake zubawa, ko ka tura maɓallin rufe asusu can inda ido ba ya kai wa. Ma'aikacin da ke da iyali a wuya, yana Yamai, kamfaninsa na wata ƙasa da lasisin wani tsibiri, da wane baki zai ce a'a? In sun riƙe maka albashi ma, wace kotu za ka kai su?

Su ma masu sana'arku a ƙasashen da ta bunƙasa sun gano cewa "umarni aka ba ni" ba ya fid da mutum. A 2015 aka bankaɗo cewa kamfanin motoci na Volkswagen ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ta rage shi, in an hau titi ta saki. A 2017 wata kotun Amurka ta ɗaure wani injiniyan kamfanin, James Liang, wata 40. Ba shi ne shugaban kamfanin ba, ma'aikaci ne da ya iya aikinsa.

Abokinka ya yi gaskiya a abu guda: wani zai karɓa, kuma caca ba za ta ragu ba. Ban ce ƙin da za ka yi zai ceci kowa ba. Tambayar da ka yi min kan kanka ce, ita na amsa.

Ga abin da ka samu a wannan lamari, kada ka raina shi. Mutanen da ba su san ka ba, ba su san ubanka ba, sun gwada ka, sun ga aikinka ya kai yuro 900. Shekara biyu kana zaton hannunka na gyaran kwamfutar shago ne. Yanzu ka san farashinka, kuma ka san ana iya ɗaukar ɗan Bukoki aiki daga ƙetare. Ka ware wata uku ka nemi irin wannan aiki na nesa da ƙarfin da ka sa a dare ukun nan, kowace rana ka tura takarda, ka gyara Ingilishinka don can kasuwar ta fi faɗi. Tsarin da ya iya gano wanda ya yi kwana bakwai bai buga ba, shi ne zai iya gano mai hawan jinin da bai dawo karɓar magani ba, ko ya tuna wa ƴar adashi ranar zubi. Ka sake gina shi ta wannan fuska, da hannunka, ba da nasu ba, ya zama abin da za ka nuna wa masu ɗaukar aiki. Ba na yi maka alƙawarin za a biya ka daidai da nasu. Mai yiwuwa rabi ne, mai yiwuwa ka jira.

Surukanka kuma ka tura baffa ya yi musu magana a fili, ya faɗi halin da kake ciki, ya nemi a rage kaya a sa rana. Ita yarinyar ka gaya mata aikin da ka samu da dalilin da ka bar shi. Yadda za ta amsa zai nuna maka wadda za ka aura.

Yuro 100 ɗin da suka turo, kada ka sa su a maganin Inna. Ka ajiye su gefe har ka tambayi malam inda ya dace su tafi. Kamfanin kuma layi biyu ya ishe su: ka gode, ba za ka iya ba. In ka gama, ka kira ɗan baffanka. Kada ka yi masa wa'azi, kai ka fi kowa a danginku sanin irin saƙon da ke shigo masa a waya da wanda ke rubuta shi. Ka yi masa lissafin jaka 100 da jaka 60 ɗin nan, ka zauna da shi a waya har ya rufe asusun.

Gwaggonku