Amsar Anti Nas ga Maman Hanifa kan takardar gwajin TPO (murya ce aka rubuta)

Assalamu alaikum, matan zaure, barkanmu da dare. Maman Hanifa, ƙanwata, na ga hoton takardar da kika turo, na kuma ji muryarki tana rawa. Kin ce an rubuta Anti-TPO 412, a gefe an sa 0 zuwa 34, ga harafin H da jan tawada, wato ya haura iyaka. TSH ɗinki 3.2, FT4 kuma yana cikin iyaka. Tambayarki biyu ce: wai ciwon daji ne, kuma wane magani za ki sha lambar ta sauka. To ki zauna ki ji ni da kunnen basira.

Wannan gwajin ba na ciwon daji ba ne, sam bai ma leƙa wajen ba. In likita na zargin daji a wuya, hannu zai sa ya taɓa, ya tura ki sikanin, in an ga ƙulli a tsotsi kaɗan da siririyar allura a duba. Wannan hanya ce daban.

Ga abin da takardarki ke faɗa. A gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai 'yar tsokar nan tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har al'ada. TPO wani ma'aikaci ne a cikinta, da shi take haɗa sinadarin. Wani lokaci garkuwar jiki takan ruɗe ta ƙera antibodi, wato makamin da take yaƙar cuta da shi, a kan TPO ɗin, alhali nata ne. Wannan antibodin aka auna a jininki aka samu. Wato an gano cewa garkuwar jikinki ta sa wa tayirod ido. Ko ta yi mata ɓarna, ko ba ta yi ba, wannan lambar ba ta isa ta faɗa ba.

Nan nake so ki riƙe da kyau, don nan mutane ke zubar da kuɗinsu. Mai 412 ba lallai ta fi mai 90 ciwo ba, mai 1,000 kuma tana iya yawonta lafiya lau. Kowane inji ma da iyakarsa: wani lab 34, wani 9, wani 60. In kika yi a Agege yau, kika sake a Ikeja wata mai zuwa, lambobin ba za su yi daidai ba, sai hankalinki ya ƙara tashi a banza. Kuma kusan mutum ɗaya cikin goma masu cikakkiyar lafiya, in aka auna su za a ga wannan antibodi, mata sun fi yawa. Sau ɗaya ake wannan gwajin don a san dalili, ba a bin sa wata-wata.

Waɗanda ake bi su ne TSH da FT4. FT4 shi ne sinadarin da tayirod ta fitar. TSH kuwa daga wata 'yar ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa yake zuwa, shi ke umartar tayirod ta yi aiki. Abin kamar kwandastan danfo ne a Oshodi: in mota ba fasinja ya fi ɗaga murya, in ta cika sai ya yi shiru. Haka TSH, in ya hau, tayirod ce ta gaza. In ya faɗi ƙasa warwas, ta yi yawan aiki. Yawancin lab suna sa iyakarsa wajen 0.4 zuwa 4.0. Naki 3.2, FT4 daidai, ke nan a yau tayirod ɗinki na sauke nauyinta. Ba ki bukatar magani yanzu.

Sai dai ba zan ce ki yaga takardar ba. Wannan yanayin shi ke iya zama ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayaninsa a 1912, kuma kusan tara cikin goma na masu shi ana samun su da wannan antibodi. A hankali yake tafiya, shekara da shekaru, wasu ma har su tsufa bai taɓa su ba. A cikin ɗari masu antibodi, kamar biyu zuwa huɗu ne tayirod ɗinsu ke gazawa a kowace shekara, an fi gani ga waɗanda TSH ɗinsu ya riga ya fara hawa. Don haka ki riƙa auna TSH sau ɗaya a shekara. In kuwa kika ga gajiya ba dalili, ƙiba ba ƙarin ci, bayan gida ya yi tauri, gashi na zuba, fata ta bushe, al'ada ta rikice, ko kina jin sanyi a zafin Legas ɗin nan da kowa ke neman fanka, kada ki jira shekara.

Yanzu batun da ya fi damuna, tunda kin ce kuna neman ƙani ga Hanifa. A watanni ukun farko jariri bai da tayirod mai aiki, da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Ciki yana ƙara wa tayirod aiki sosai, wadda garkuwa ta taɓa kuma tana iya kasa ɗauka. Saboda haka ranar da kika tabbatar da ciki, ba sai ya kai wata huɗu an fara awo ba, ki je a auna TSH, ki nuna musu wannan takardar, a riƙa maimaitawa kamar duk sati huɗu har tsakiyar ciki. Gaskiya ne masu wannan antibodi sun ɗan fi fuskantar ɓari, amma mafi yawansu lafiya suke haihuwa. Kada kuma ki saya wa kanki maganin tayirod wai rigakafi. An gwada haka a Birtaniya, an fitar da sakamakon a 2019, mata 952 masu antibodi da TSH daidai, waɗanda aka ba magani ba su fi sauran samun haihuwa ba.

Bayan haihuwa ma a kula. A cikin shekarar farko tayirod na iya yin kumburi, mai jego ta riƙa jin bugun zuciya, gumi, rawar hannu, daga baya kuma kasala da yawan kuka. A gida sai a ce wahalar jego ce, ko a ce iska ce. A yi addu'a, amma don Allah a haɗa da gwajin jini.

Maganin sauke lamba da kika tambaya, babu wanda zan ce ki saya. Na fi jin tsoron ɗigon aidin da ƙwayoyin ganyen teku da ake tallatawa a intanet, domin aidin in ya yi yawa ƙara tunzura wannan ciwon yake. Gishirinmu tun 1993 aka wajabta sa masa aidin, ya wadatar. Masu shan bayotin don gashi da farce, ku ajiye shi kwana biyu zuwa uku kafin gwaji, yana rikita sakamako.

Hajiya ta Mile 12, kin yi maganar ƙanwarki da idonta ya firfito, tana rama ga ci. Nata ya fi kama da ciwon Graves, antibodin da ake nema TRAb ne, shi tura tayirod yake ta yi aiki fiye da kima. In an ɗora ta a kan carbimazole, maganin rage aikin tayirod, ranar da ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kada a ce maleriya ce a tafi kemis. Ta dakatar da shi, a ranar a auna fararen ƙwayoyin jininta, don maganin na iya rage su. Wannan ba abin jinkiri ba ne.

Masu shan levothyroxine a cikinmu, wato maganin da ake ba wadda tayirod ɗinta ta gaza: da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin shayi da madara ko koko. Maganin ƙarin jini da kalsiyam a ba su tazarar awa huɗu. Da azumi ku tsara lokacin da likita tun kafin wata ya kama. In an canza yawan ƙwaya, sai bayan sati shida zuwa takwas ake sake TSH.

Maman Hanifa, ki karɓi takardar turawa daga asibitin da kike zuwa, ki ga likitan sashen ciwon suga da tayirod, akwai a asibitocin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba da LASUTH Ikeja. Ki tafi da asalin takardar, ba hoton waya ba. Kafin nan ki tambayi Umma ko a dangi akwai mai maƙoƙo ko ciwon tayirod, don yana bin jini, kuma likita sai ya tambaye ki. Allah ya ƙara lafiya. Wassalamu alaikum.