Ga 'yar uwar da shinkafa da wakenta na Jamaika ya caɓe

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, domin na san wannan baƙin cikin sarai. Kin ce shinkafa ta caɓe, wake bai nuna ba, gindin tukunya ya kama, yaji kuma ya hana yara ci. Ba abin da ya kai shi ciwo. An kashe kuɗi kan kwakwa da jan wake, an buɗe murfi da murna, sai ludayi ya fito da dunƙule kamar za a tuƙa tuwo, ƙamshin kwakwa ya gauraye da ƙauri, ki matsa ƙwayar wake ki ji ta da tauri a tsakiya. Ga mutanen gida an riga an ce musu yau sabon girki za su ci.

Ni masu bidiyon koyar da girkin nan nake ganin laifinsu. Waken gwangwani suke juyewa, wanda an riga an dafa shi, amma ba sa faɗa. Ke kuma ki ɗauko busasshe ki zuba tare da shinkafa. Ina za su nuna tare? Shinkafa minti 20 take so, jan waken nan mai siffar ƙoda kuwa yana cin awa ɗaya ko fiye, ko da an jiƙa shi. Wasu ma haɗa girkin Kuba suke da na Jamaika, alhali na Kuba da baƙin wake ake yi kuma ba a sa kwakwa. Sai su bar mutum da asara.

Wake kofi 1 za ki jiƙa ya kwana, aƙalla awa 8. Ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗora shi da sabon ruwa kofi 5 da tafarnuwa ƙwaya 3 da kika daddaƙa. Don Allah ki bari ya yi tafasa mai ƙarfi minti 10 kafin ki rage wuta, domin jan wake yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa idan bai ji wuta ba. Kada ki sa kanwa kamar yadda muke wa garau-garau, tana farfasa shi ta ɓata ɗanɗanon kwakwar. Ki jira har ya murje tsakanin yatsu biyu amma bai fashe ba. Idan ya wuce awa ɗaya da rabi yana nan da taurinsa, tsohon wake aka sayar miki, ba hannunki ba ne.

Jan ruwan da ya dahu a ciki kada ki zubar, shi ne yake ba shinkafar launinta. Amma ki tsame waken ki auna ruwan, nan ne caɓewa take farawa. Mutane suna mantawa madarar kwakwa ma ruwa ce. Shinkafa kofi 2 mai doguwar tsaba tana son ruwa kofi 3 da rabi gaba ɗaya, har da madarar. Idan ta gwangwani ce mai mil 400, ta haura kofi ɗaya da rabi kaɗan, sai ki cika da ruwan wake. Turararriyar shinkafa kan sha har kofi 4. In da ɗanyar kwakwa za ki yi, guda ɗaya ki goge, ki zuba ruwan ɗumi kofi 2, ki matse a tsumma mai tsabta. Ta fi daɗi nesa ba kusa ba.

Ki mayar da wake cikin ruwan da kika haɗa da madarar, ki sa lawashi 2 da kika ɗan bubbuge, reshen tayim 3, citta kaɗan, da ƙwayar pimento 6, wato kayan ƙamshin nan mai kama da masoro da ake kira allspice. In babu pimento, kanumfari 2 da ɗan guntun kirfa suna kusa da shi. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ki bari su tafasa minti 10, ki ɗanɗana, romon ya ɗan fi yadda kike so gishiri, domin shinkafa za ta shanye.

Maganar yaji kuwa, attaruhunmu ɗan uwan wanda mutanen Jamaika suke sawa ne, amma su ba sa yanka shi. Guda ɗaya lafiyayye, da hancinsa, ake ɗorawa a sama don ƙamshi kawai. Ki duba shi da kyau, ko tsaga ɗaya gare shi ki canza wani.

Ki wanke shinkafa sau uku ko huɗu har ruwa ya yi garau, ki tsane ta, ki zuba, ki juya sau ɗaya tak. Tana tafasowa ki rufe ruf, ki mayar da wuta can ƙasa. A kurfoti ki kwashe garwashin ki bar kaɗan. Madarar kwakwa da wuta mai ƙarfi ba sa shiri, shi ya sa gindin tukunyarki ya kama, balle in ba ta da kauri. Minti 20 zuwa 25 kada ki buɗe, kada ki juya. Ki sauke, ki bar ta a rufe minti 10, ki fara cire attaruhun a hankali da cokali, sannan ki warware ta da cokali mai yatsu.

Af, wadda ta rage kada ta kwana a waje. Da zafin nan namu abincin kwakwa ba ya jimawa yake tsami, tana hucewa ki sa ta a firji. Kuma ki faɗa mana wace shinkafa kika yi da ita, in 'yar Hausa ce mai gajeriyar tsaba sai ki rage ruwan da rabin kofi.