Labarin Toby Tyler zai sa yaro ya gudu daga gida?

Malama, kin tambaya ko labarin Toby Tyler zai sa ɗanki sha'awar gudu daga gida ya bi ayarin masu wasa da dabbobi. A'a, karanta masa. James Otis ya fitar da littafin a Amurka a 1881, kuma makonni goman da marayan ya yi a ayarin wahala ce zalla: tallan alewa, duka, kewar gida.

Sharaɗi ɗaya: ki fara duba ƙarshen ke kaɗai. Maharbi ya harbe birin Toby, amininsa. Da na karanta wa nawa wurin, ya ture kwanon tuwo, har barci ya ɗauke shi yana sheshsheƙa. Kada ki kai wurin da dare.