Sukurun rediyon motata yana da ɗan tsinke a tsakiya, yaya zan kwance shi?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na samu sabon rediyo mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, ina so in sa a motata. Da na ɓalle murfin robar da ke kewaye da tsohon, sai na tarar da sukuru guda huɗu, kan kowanne kamar tauraro, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan tsinken ƙarfe a tsaye. Sukundirebata ta ƙi zama. Na yi ta dannawa har kan guda ɗaya ya fara cinyewa. Mece ce mafita?

Amsa: Malam, kafin komai ajiye wannan sukundirebar. Duk murɗawar da ka ƙara yi da ita ƙara wa kanka aiki kake yi.

Abin da ka tarar sunansa Torx, kamfanin Camcar Textron na Amurka ne ya fito da shi a 1967. Ramin kansa tauraro ne mai tsini shida, an yi shi ne don bakin sukundireba ya kama sosai ba tare da ya zame ba. Naka shi ne samfurin da aka ƙara wa tsaro: wancan tsinken na tsakiya aikinsa kawai ya tokare duk sukundirebar da ba tasa ba, don ɓarawo ko mai karambani ya sha wahala. Maganinsa baki ne irin na Torx ɗin, amma mai rami a tsakiya inda tsinken zai shige. Ana sayar da su jeri guda a ɗan akwati, za ka ga an rubuta T10, T15, T20, T25 a jikinsu, wani lokaci da harafin H ko TR a haɗe, alamar mai rami ne. Kada sunan ya ruɗe ka, sukundirebar da masu gyara ke ce wa sita, wato tauraro da Turanci, mai baki huɗu ce kamar gicciye, ba ita ake nufi ba.

Wurin zaɓen lamba mutane suka fi yin ɓarna. T15 zai shiga ramin T20, har ma ya ɗan kama, sai ka ɗauka ka dace. Da ka murɗa sai ya ci haƙoran ya bar maka rami sumul. Fara gwadawa daga babba kana saukowa. Wanda ya shige har ƙasa, ka girgiza shi ka ji ba ya wasa, shi ne naka. Haska fitilar wayarka ka ƙirga tsinin ma tukuna, don akwai masu tsini biyar, kuma bakin mai shida ba zai taɓa zama a cikinsu ba. Masu gyaran waya sun san wannan wasan, tun zamanin iPhone 4 Apple ke ɗaure wayoyinsa da sukuru mai kunne biyar.

Idan bakin ya zauna, tsayar da sukundirebar cak, kada ta karkace. Ƙarfinka ya fi yawa wajen dannawa ciki, murɗawar kuma a hankali zuwa hagu, akasin tafiyar hannun agogo. Sau da yawa za ka ji ɗan ƙas, daga nan sai ya biyo ka salin alin.

Shi kuwa wanda ya fara cinyewa, bar shi ya zama na ƙarshe. In haƙoran ba su ƙare duka ba, bakin da ya dace zai iya kama ragowar, musamman in ka ɗan bubbuga bayan sukundirebar ta zauna daram. In ya ƙi, duba ko kan sukurun ya ɗago daga jikin ƙarfen. In ya ɗago, filaya mai kullewa za ta cafke shi ta gefe ka juya. In kuma a nutse yake, sai a koma ga abin ciro sukuru, wani ɗan ƙarfe mai zaren hagu da ake sawa a injin huda, yana nutsewa yana kwance shi. Wasu na yanka tsaga a kan sukurun don filat, sukundireba mai shimfiɗaɗɗen baki, ta kama. Yana yi, amma ni ba na son sa a cikin mota: garin ƙarfen da ke zuba yana iya faɗawa cikin rediyo ko kan wayoyi ya haɗa wuta. In dole ta sa, shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka manne ramukan rediyon da salatif.

Za ka ji masu cewa a sa ƙaramar filat a karya tsinken kawai. Wani lokaci yana karyewa daga tushe, wani lokaci kuma ya lanƙwashe ya toshe ramin, ka rasa tudun dafawa. Sannan in filat ɗin ta kuɓuce, gilashin rediyo ko fuskar dashbod za ta nufa. Ka kuma manta da batun gasa sukuru da wuta, kewayensa duk roba ce.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi sukurun muhimmanci. Rediyon da ya zo da mota daga kamfani, a motoci da dama irin su Honda, Ford, Renault da Volkswagen, yana kulle kansa da zarar wuta ta yanke masa, sai an sa masa lambar sirri. Nemo lambar tun yanzu, takan zo a ɗan kati ko cikin littafin motar. In babu, wakilin kamfanin zai iya fitar da ita daga lambar jikin rediyon, bayan ka nuna shaidar motar taka ce. Ko ba ka da niyyar mayar da tsohon, ranar da sabon ya ba ka matsala za ka neme shi. Bayan haka cire kan batir na nagetif, mai alamar ragi, kafin ka taɓa kowace waya. Duk soket ɗin da ka gani ruwan ɗorawa a bayan dashbod, yawanci na jakar iskar kariya ne, kada hannunka ya je wurin.

Ƙaramar shawara daga wanda ya taɓa ƙonewa: goga bakin sukundirebar a jikin maganaɗisu kafin ka fara, don sukurun ya manne a jikinta. Na taɓa sakin sukuru ɗaya ya gangara bayan dashbod. Wata da watanni, duk ramin da na faɗa sai in ji shi yana ƙyal-ƙyal a wani lungu da hannu ba ya kai wa.

Tambaya: Ni kuma tawa ba sukuru ko ɗaya a fuskar rediyon, sai ƙananan huji biyu a dama, biyu a hagu. Ta ina ake cire shi?

Amsa: Naka ba a ɗaure yake ba, a maƙale yake. Yana zaune ne a cikin wani akwatin ƙarfe, wasu 'yan kunnuwa masu tsalle suna riƙe da shi ta gefe. Girman akwatin ma ƙa'ida ce da ta samo asali daga Jamus, ta zama ta duniya a 1984: faɗi milimita 180, tsayi 50, mai hawa biyu kuma tsayinsa 100. Shi ya sa rediyon wani kamfani ke shiga gurbin na wani.

Abin cire shi wasu ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa kamar harafin U, an fi ganin irin wannan a tsofaffin Ford. Ka tura ɗaya a kowane gefe har ka ji ya yi ƙas, ka ɗan buɗa su waje, sannan ka jawo su tare. In ka ja gefe ɗaya kawai rediyon zai karkace ya cije. A wasu tsofaffin Opel akwai ɗan mitsitsin sukuru da ya toshe kowane huji, sai an fara kwance shi da ƙaramin alanki kafin ƙarfen ya samu hanya. Leƙa da fitila ka gani. Kada ka cusa wuƙa ko ƙusa, kunnuwan suna lanƙwashewa, kuma in sun lanƙwashe ko ƙarfen gaskiyar ba zai ƙara sakin su ba.

Tambaya: Motata ƙirar Japan ce, sukurun mai gicciye ne na yau da kullum, amma sita sai zamewa take yi. Shi ma na tsaro ne?

Amsa: A'a, ranki ya daɗe. Duba kansa da kyau, in kin ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen, na ƙa'idar Japan ne da ake kira JIS. Kama kawai ya yi da Phillips, wato mai gicciyen da sita ke kwancewa, yankan raminsa daban ne, shi ya sa bakin Phillips ba ya zama daidai, yana ɗagowa in an murɗa. Ki nemi sukundireba mai rubutun JIS, lamba 2 ce ta fi yawan dacewa da na dashbod. Ita tana kwance na Phillips ɗin ma.